Kafin a Kira Birkila: Yadda Za a Gyara Gida Ba Tare da An Kwantar da Kowa a Asibiti Ba

Da zarar ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, za ka fara ganin tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje. Wani zai aurar da ɗa yana son fitar masa da ɗaki, wata ta kwashi adashe tana son sa tayil, wani kuma damina ce ta nuna masa inda kwanonsa ya mutu. Duk abin farin ciki ne. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin ginin sabon gida da gyaran tsoho: sabon gida ana gina shi ba kowa a ciki, shi kuwa gyara ana yin sa ne yara na rarrafe a tsakar gida, tsohuwa na kwance a ɗaki, tukunya na kan wuta. Don haka shirin gyaran gida yana farawa ne da mutanen da za su kwana a cikinsa yayin da ake aikin. Kalar fenti da zanen tayil su biyo baya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Lokacin da ya fi dacewa a duba gida shi ne tsakiyar damina, wajen watan Agusta, lokacin da ruwa ke tona asirin kowane gini. Wanda ya rasa wannan damar, shaidar tana nan ba ta gogu ba: tabon ruwa a silin, bangon da ya yi laima har fenti ya kumbura yana ɓarewa, baƙin fumfuna a lungu, hanyar gara a jikin katako, wurin da ruwa ke kwantawa a tsakar gida. Maigida da uwargida su ɗauki takarda da biro su zaga tare, ɗaki bayan ɗaki, har banɗaki da madafi da bayan gida. Na ce tare, domin maigida ya san kuɗin da ke aljihunsa, amma uwargida ce ta san soket ɗin da ke tartsatsi in an jona dutsen guga, da kwatar da ke toshewa duk ranar wanki.

In an gama, a raba abin da aka rubuta gida uku. Kashi na farko shi ne abin da zai iya kashe mutum ko ya kwantar da shi: rufin da ke yoyo, bangon da ya tsage ko ya karkata, wayar wuta da ta tsufa, masai da ya cika ko murfinsa ya rube, rijiyar da ƙazanta ke shiga. Na biyu abin da ke wahalar da rayuwar yau da kullum: ƙarancin iska, rashin wurin wanka mai kyau, madafin da hayaƙi ke cikawa. Na uku ado: tayil, fenti, silin POP, fitilu masu launi. Kuɗi ya bi wannan jerin daga sama zuwa ƙasa. Akwai gidajen da falonsu ke ƙyalli kamar otal, amma masai na tsiyaya a gefen rijiya, kuma duk wata sai an kai yaro asibiti da gudawa. Kuɗin ƙarin ruwan da ake biya a shekara da ya isa gyara masan.

Shi kansa aikin yana da tsari: a fara da rufi da abin da ke riƙe da gini, sai bututun ruwa da wayar wuta, sai filasta da daɓe, sai silin, fenti ya zo ƙarshe. Wanda ya yi fenti kafin mai wayarin ya fasa bango, sau biyu zai biya.

Lokaci da kuɗi

A yankinmu ruwa yakan fara daga Mayu ko Yuni, ya ɗauke a Satumba ko Oktoba. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin buɗe rufi da haƙa rami. Duk wanda zai sauya kwano ya tabbatar an gama an ɗaure shi da kyau kafin iskar farkon damina, wadda ta saba kwashe rufin da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Hunturu ma yana da nasa sharrin: iska mai bushi tana shanye ruwan siminti da wuri, filasta ta tsattsage. Siminti yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Birkilan da ya ce zai zuba dekin yau ya cire katakon da ke tallafe da shi jibi, sai a sallame shi.

Kada a ɗaura aiki da ranar biki ko Sallah in har saura 'yan kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amaryar da aka kai ɗakin da aka yi wa fentin mai jiya, da ciwon kai da tashin zuciya za ta kwana.

Batun kuɗi kuwa, kowa ya ga yadda buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Farashin da aka ji yau ba lallai ya kai wata ba. A nemi ƙiyasi daga masu aiki biyu ko uku, kowa ya rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. A kan jimillar a ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a ajiye gefe, domin tsohon gida ba ya faɗin duk ciwonsa sai an fasa shi: a ɗaga kwano a tarar gara ta cinye katako, a fasa daɓe a tarar bututu ya ruɓe. In kuɗin bai isa a gama ba, a rage aikin. Gara a gyara ɗaki ɗaya a kammala da a yaye rufin gida duka a tsaya rabi.

Akwai kuɗi iri biyu da nake roƙon kada a taɓa: na abinci da na ko-ta-kwana don rashin lafiya. Gidan da ake aiki a cikinsa ya fi kowane gida buƙatar kuɗin asibiti a hannu.

In jinga aka yi, a rubuta ta a gaban shaidu: abin da za a yi, kwana nawa, wa zai sayo kaya, wa zai kwashe ɓaraguzai. A biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gani da ido, a riƙe kaso na ƙarshe sai an duba komai. Siminti kuma kada a tara shi da yawa tun da wuri. A ɗora shi kan katako nesa da bango, a yi amfani da shi cikin wata 3, in ba haka ba ya fara daskarewa.

Izinin mutane da na hukuma

Gidan gado ba a taɓa shi sai da yardar magada, ko da kuwa mai gyaran shi ne babba kuma kuɗinsa ne. Mai haya ya samu amincewar mai gida a rubuce, a kuma fayyace ko za a cire kuɗin daga haya. Mai mata fiye da ɗaya ya san cewa tayil ɗin da aka sa a ɗaki ɗaya aka bar ɗaya zai iya tayar da ƙurar da ta fi ta siminti daɗewa; a zauna a yi magana tun kafin mota ta sauke yashi. Maƙwabci ma yana da haƙƙi: a gaya masa ranar da za a fara, kada indararo ya zuba a gidansa, kada sabuwar taga ta leƙa tsakar gidansa, kada yashi ya toshe kwatar layi.

In aikin ya shafi rushe bango, ɗora bene ko ƙara gini, wannan ya wuce shawarar birkila kaɗai. Ba kowane bango ne na raba ɗaki ba, wani shi ke ɗauke da rufi. Harsashin da aka yi don gidan ƙasa ba lallai ya ɗauki bene ba. A kira injiniya mai rajista ya duba, a kuma nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Kuɗin injiniya bai kai kuɗin ɗaurin karaya ɗaya ba, balle rai.

Ina iyali za su zauna?

Wannan ce tambayar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mutum huɗu ne bai kamata su zauna inda ake fasa bango, kankare fenti ko shafa sabo ba: mai juna biyu, jariri da ƙaramin yaro, mai asma ko tari mai daɗewa, da tsoho mai rauni. In da hali su koma gidan 'yan'uwa na kwanakin da aikin ya fi ƙura. In babu hali, a raba gidan biyu: ɓangaren aiki da ɓangaren zama, a tare tsakani da leda mai kauri ko buhuna, masu aiki su samu hanyarsu daban. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Kada kuma a cusa mutum 10 a ɗaki ɗaya a rufe taga saboda ƙura. Lokacin rani, musamman daga hunturu zuwa bazara, shi ne lokacin sanƙarau, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka masa yaɗuwa. Haka ma tarin fuka da ƙyanda.

Madafi in an tayar da shi, abinci ya koma cikin robobi da durom masu murfi. Ɓaraguzai da tulin katako gidan ɓera ne, ɓera kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa, cutar da ta fi tashi a watannin rani, daidai lokacin da ake wannan aiki. A sa a cikin jinga cewa za a riƙa kwashe shara duk mako, ba sai ƙarshen aiki ba.

Ƙurar da ba a ganin illarta nan take

Abu biyu a tsofaffin gidaje suna buƙatar kulawa ta musamman. Na farko tsohon fentin mai, irin na ƙofofi, tagogi da gindin bango, musamman ja da ruwan ɗorawa. Irinsa da yawa yana ɗauke da dalma. Yana zaune a bango ba ya cika cutarwa, amma in aka kankare shi a bushe ko aka ƙona, sai ya zama ƙura ya sauka a ƙasa, yaro ya dafa ya sa hannu a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar fenti ba ta kai waccan yawa ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙurar tsakar gida, hannun yaro, bakinsa. A jiƙa fenti kafin a kankare, a shimfiɗa leda a tattara ɓawon, yara su yi nisa, a wanke musu hannu kafin cin abinci. Wajen sayen sabo kuma a tambayi wanda ba shi da dalma, a fi son fentin ruwa a cikin ɗakuna.

Na biyu tsohon silin ko rufin asbestos. In yana nan lafiyarsa ƙalau, barinsa ya fi taɓa shi. In dole sai an cire, a jiƙa shi, a kwance shi falle-falle ba tare da fasawa, yankawa ko hudawa ba, domin zarurrukansa da ido ba ya gani suna maƙalewa a huhu su haifar da ciwon daji bayan shekara 20 ko fiye. Kada a ba yara guntayensa su yi wasa, kada a daka shi a cike rami a tsakar gida. Masu aikin ma 'ya'yan wasu ne. A saya musu abin rufe hanci mai kyau da safar hannu.

Haɗuran da ke kawo mutane gaggawa

Ramin sokawe, ramin harsashi da durom ɗin ruwa su ne abin tsoro na farko. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba ya ihu. Duk rami a rufe shi da katako mai nauyi kafin masu aiki su tashi, duk durom a sa masa murfi. Murfin yana da wani amfanin: sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ke zaune.

Tina da kananzir kada a zuba su a robar ruwa ko ta lemo. Muna karɓar yaran da suka ga roba suka ɗauka suka kafa kai. In hakan ta faru, kada a sa yaro ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin in man ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu ya fi zamansa a ciki haɗari. A ɗauki robar a tafi asibiti nan take.

Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ya je a duba shi a yi masa allurar tetanus a ranar, ko da ramin ƙarami ne. Kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. Ɗanyen siminti yana ƙona fata. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na minti 20, sannan a nufi asibiti.

Janareta, ko na masu walda ko na gida in an yanke wuta, wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da barci take kawowa, mutum ya kwanta bai tashi ba. Zaure da baranda ba waje ba ne. Wayoyin da aka bari tsirara kuma a naɗe bakinsu, a kashe layin ɓangaren da ake aiki tun daga babban makunni.

Kafin ranar farko a tanadi sabulu, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo da lambar mai mota ko mai adaidaita da za a iya kira da dare.

A gyara don shekara 20 masu zuwa

Tunda an riga an fasa, a yi abin da zai daɗe yana amfani. Masai da sokawe su yi nisa da rijiya, abin da ake so mita 30, kuma su kasance ta gangare, ba sama da ita ba. A filayen cikin gari wannan tazarar ba ta cika samuwa ba, don haka a gina cikin ramin da kyau, a ɗaga bakin rijiya a yi mata daɓe da murfi, a kuma tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. A duba har da masan maƙwabci, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba.

Kowane ɗakin kwana ya samu taga biyu a bangaye daban don iska ta ratsa, a sa musu raga. Madafi ya samu mafitar hayaƙi a sama. Mai amfani da gas ya bar ƙofar iska a ƙasa ma, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake taruwa. Tukunyar ta fi kyau a waje a inuwa.

A banɗaki da tsakar gida a guji tayil mai santsi, komai kyansa. A jiƙa guda ɗaya a shago a taka a ji. Faɗuwar banɗaki ce ke karya ƙugun tsofaffi, kuma da yawa daga waccan kwanciyar ba sa komawa yadda suke. A kafa ƙarfen riƙewa a bango, a rage tsayin dokin ƙofa, a sa fitila a hanyar banɗaki. In akwai mai ciwon gwiwa ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, a yi masa masai na zama, a faɗaɗa ƙofa ta kai santimita 90 yadda keken marasa lafiya zai wuce. Wanda ke da ƙarfi yau, shi ne tsohon gidan gobe.

Bayan an gama fenti a bar tagogi a buɗe kwana 2 zuwa 3, ko har sai wari ya tafi, a wanke ƙasa da ruwa, a bi tsakar gida a tsince ƙusa da guntun waya, sannan a dawo da yara da mai ciki.

Wanda bai da kuɗin yin duka bana, ya ɗauki takardarsa ya fara da layin farko: ya toshe yoyo, ya rufe masai, ya sauya wayar da ta tsufa. Tayil zai jira baɗi. Allah ya hore mana abin yi, ya sa a fara lafiya a gama lafiya, ya sa albarka a gidajenmu.